Ranar da Lawwali Ya Kai Gwiwa Ƙasa

Duk Illela babu mai kiran Maccido da sunansa. Dogari ake ce masa, alhali rabonsa da jar riga ya kai shekara goma, kuma ba shi ya ga dama ya ajiye ta ba. Tuɓe masa ita aka yi ranar kasuwa, gaban masu goro da masu kanwa. Tun daga ranar dariya ta ƙaura daga fuskarsa, tsaki ya gaje ta.

Dogarci gado ya yi. Ubansa dogarin uban ƙasa ne, shi ma a bakin zauren fada ya tashi yana gyara wa manya takalma, har ya sami tasa rigar tun kafin Nasara su ci Sakkwato. Bai taɓa yawo da bulala ba, wai aikin ragon dogari ne. Hannu kawai yake sawa. In aka yi ihun ɓarawo a kasuwa, Maccido ba ya ma wani gudu, sai dai ka ga ya sha gaban mutum ya cafki ƙugu, kafin ya ce wayyo ya ji shi a ƙasa hannuwa a baya. Ɓarayin shanu na hanyar Ƙwanni sun san shi sarai, shi ma ya san su har iyayensu.

Da Nasara suka zo, aiki ya sauya kama. Kamun ɓarawo ya ragu, kamun mai gaskiya ya ƙaru. Shekarar da Ingilishi da Faransi suka zo raba ƙasa suna kafa turakun ƙarfe cikin gonakin mutane, Maccido aka sa ya tara masu ɗaukar kaya. Yana tsaye gefen Baturen yana kallo. A jera samari, Bature ya bi yana matsa damtse yana duba wuya kamar mai sayen jaki, duk wanda ya fi cika ido shi zai nuna da sanda. Rago ya koma gida ya ci tuwo, mai ƙarfi ya tafi ya dawo da sanƙararren wuya, in ya dawo ke nan. Wannan karatu ya zauna wa Maccido daram.

Turakun nan ne kuma suka ci shi. Wani ɓarawo ya kore jakunan wani falke da kayan gishiri ya yi arewa. Maccido ya bi sawu yadda ya saba, ya wuce turke bai ko dube shi ba, ya kamo mutumin dab da Ƙwanni ya dawo da shi a ɗaure. Ashe laifi ya yi. Kumandan na Faransi ya aiko da ƙorafi wai an shiga ƙasarsa an kama talakansa. Baturen wannan gefe ya ɗaure fuska, uban ƙasa kuwa da ya ga rawaninsa na shirin faɗuwa ya ce a tuɓe wa Maccido riga. Ɓarawon fa har bakin turke aka raka shi, da ruwan shansa. Wanda aka sa ya cire rigar shi ne Hamidu, ƙaramin dogarin da Maccido ya koya wa ɗaurin igiya da hannunsa. Yanzu Hamidun ne Sarkin Dogarai, ka ji yadda duniyar take tafiya.

Mai hannu irin na Maccido ba ya iya zama haka nan. Akwai rairayin wani busasshen rafi bayan gari ta hanyar Amarawa, nan ya shiga tara samari bayan girbi yana koya musu kokowa. Koyarwar ma ta dogarci ce, babu lallashi a ciki. Sabon shiga sai ya yi wata guda bai kama kowa ba, tsayuwa kawai yake koya da turmi a kafaɗa. Daga nan jan guga a rijiya mai zurfi, daga nan riƙe ɗan maraƙi ta ƙaho. Yakan ce kada su kalli idon abokin karawa, ƙugu za su kalla, don shi ɓarayi sun koya masa ido na duban gabas mutum ya gudu yamma. Kuma bai san wani abu wai shi an tashi daga karatu ba. Yana iya fito maka ta baya a kasuwa ko bakin rijiya ya banke ka, in ka yi tangal-tangal ka sha zagi gaban jama'a. Har ya zama ana tsokana wai ɗan kokowar Dogari ko alwala yake ƙafarsa a kafe take. Dokarsa babba ɗaya ce, gwiwa ba ta taɓa ƙasa. A kayar da kai da ƙarfi, wannan ƙaddara ce. Amma ka kai gwiwa da kanka don ka gaji, to kada ka sake zuwa masa rairayi.

Cikin duk waɗanda suka bi ta hannunsa, biyu ne yake gani ransa ya ɗan yi sanyi. Na farko ɗansa Lawwali, wanda shi kaɗai ya rage musu shi da matarsa Tasalla, don shekarar yunwa ta kwashe sauran. Tun da ya fara shiga fili ba a taɓa kai shi ƙasa ba, daga Garu har ƙauyukan bakin iyaka. Ɗan fari ne, saboda haka Maccido ba ya kama sunansa, ba ya hira da shi, ba ya yabonsa. In Lawwali ya yi kaye makaɗa suna wasa shi, iyakar abin da uban zai ce shi ne ƙafar hagu ta yi nauyi. Na biyu Jaɓɓo, Bafulatani daga rugar wajen Garu, maraya, dogo siriri amma hannu kamar igiyar rijiya. Ya zo ne tun wata rana da ɓarayi suka doke shi suka kore musu saniya. Uwarsa Kubra mai tallar nono ce, kuma ba ta da kowa sai shi.

Ana nan yaƙin Ingilishi da Jamus ya ƙi ƙarewa. Can gefen Faransi da igiya ake farautar samari a kai su soja. Nan kuma 'yan dako ake nema, a kora su Zariya da ƙafa, a zuba su jirgin ƙasa, daga nan wai a haye ruwan gishiri da su zuwa wata ƙasa da ba wanda ya iya faɗin sunanta. Waɗanda aka ɗiba bara babu labarinsu. Samari suka koyi kwana a dawa da zarar an hangi jar riga. Sai ga sanƙira ranar kasuwa yana shela cewa Bature zai zo, wanda ake yi wa laƙabi da Dogon Wuya, kuma yana son ganin kokowa. Uban ƙasa ya ce duk ɗan kokowar da ke ƙasarsa ya hallara, wanda bai zo ba ubansa zai amsa. Yara suka hau murna. Maccido ya yi tsaki ya ce tun yaushe Nasara ya fara son wasa.

Kwana biyu kafin ranar, Hamidu ya zo rairayi da hantsi, ya tarar da Maccido shi kaɗai yana tsince ƙaya daga filin. Ya rusuna ya gaishe shi, har yanzu Maigida yake ce masa. Maccido ya amsa da ranka shi daɗe irin wadda ta fi zagi ciwo. Hamidu ya ce uban ƙasa ya ce shi zai haɗa 'yan wasa, wa zai kama da wa, tunda shi ya san ƙarfinsu. Maccido ya tambaye shi kai tsaye ko zaɓen mutane za a yi. Hamidu ya waiga, ya ce e, za a yi, amma an rantsar da shi, ba zai iya ƙarawa ba. Ya juya zai tafi, sai ya dawo da baya ya rage murya.

"Maigida, ka bar yaro shi yi abin da kak koya mai. Shi kayar da duk wanda anka ba shi. Iyakar abin da ni ka iya gaya maka ke nan."

Da a ce daga bakin wani maganar ta fito, da wataƙila Maccido ya tsaya ya juya ta. Amma daga bakin Hamidu? Mutumin da ya zare masa riga gaban masu kanwa, yau shi ne zai zo yana yi masa nasiha? Nan take ya ga tarkon ƙuru-ƙuru. An ce wa Hamidu ya kawo ƙarfafa, yana son ya miƙa wa Bature gwarzon ƙasar don a ƙara masa girma. Bai tambaye shi komai ba. Ya ci gaba da tsintar ƙayarsa har Hamidu ya gaji da tsayuwa.

Tasalla ta ce a tura yaron wurin danginta bayan Ƙwanni. Ya ce can ai bindiga za a ba shi, gara ma nan. Ta ce to a sake tambayar Hamidu, ko ita ta je wurin matarsa. Ya ce in ta taka gidan nan kada ta dawo masa. Shi ya yi aikin nan tun Hamidu na yawo ba wando, ya san abin da Nasara ke dubawa, ba ya bukatar mai fassara masa.

Da safen ranar ya tarar da Lawwali bakin rumbu yana shafa mai a warkinsa. Ya tsaya yana kallon rumbun, ba ɗan ba, ya ce da Jaɓɓo zai kama, kuma yau zai faɗi. Lawwali ya ɗauka bai ji daidai ba. Uban ya maimaita, ya ce wanda ya yi kaye shi Bature zai ɗauka.

"Baba, Jaɓɓo fa?"

"Ba Jaɓɓo nit tambaye ka ba."

Lawwali ya dakata da shafa man. Ya ce ai ko ya so, Jaɓɓo ba ya iya ɗaga shi, sai dai in shi zai kai gwiwa da kansa. Maccido ya ce to ya kai. Wannan kalma ta yi masa ɗaci a baki fiye da ranar kasuwar nan, amma ya faɗe ta. Lawwali bai taɓa musa wa ubansa ba a rayuwarsa, yau ma bai fara ba. Ya ce to, ya ci gaba da shafa mai.

Fili ya cika maƙil da la'asar. An yi wa Dogon Wuya rumfa da kujera, uban ƙasa a gefensa kan darduma, tafinta a tsugune. Makaɗa suka saki ganga, 'yan kokowa suka fito da layu da guraye suna taƙama. Maccido ya haɗa su bibbiyu. Duk wanda ya yi kaye a zaunar da shi dama, wanda aka kayar a zaunar da shi hagu. Ya lura Bature na duban na dama yana gyaɗa kai, ya ce a ransa ka gani ko. Ya hangi Kubra can bakin fili da ƙwaryar nononta tana leƙen ɗanta. Ya san abin da ya shirya mata, ya kawar da kai. Ai shi ma ɗa ɗaya gare shi.

Lawwali da Jaɓɓo aka bari na ƙarshe. Suka ɗebi ƙasa suka murza a hannu, suka sunkuya suna zagaya juna. Jaɓɓo ya kawo hannu sama ya bar ƙugu a buɗe, kuskuren da Maccido ya sha yi masa faɗa a kai. Hannun Lawwali ya tafi da kansa, ya cafke, har ƙafar Jaɓɓo ɗaya ta bar ƙasa. Jama'a suka miƙe. A nan ne Lawwali ya waigo ya dubi ubansa. Maccido bai motsa ba. Sai hannun ya saki. Jaɓɓo ya sa wata taɗiya da ko yaro ba za ta kayar ba, Lawwali ya lanƙwasa ya ɗora gwiwa kan rairayi a hankali kamar mai shirin zaman tahiya.

Kiɗa ya tsaya. Kowa ya gani, har mata. Jaɓɓo ya tsaya baki buɗe, bai ko ɗaga hannu ba, sai da aka ja shi zuwa dama. Lawwali ya tashi ya kakkaɓe gwiwa ya tafi hagu ya zauna kai a sunkuye. Maccido ya ji kunya na cin sa har ƙashi, amma ya ce ba komai, kunya ba ta hana mutum kwana ɗakin uwarsa.

Sai Hamidu ya ɗaga hannu. Dogarai suka taso daga inda suke, ba gaggawa, kamar masu neman inuwa. Maccido ya san wannan tafiya, shi ya koya wa rabinsu ita. Ana bazuwa ne, a tare hanyar dawa tukuna, kowa ya tsaya bayan mutum biyu, hannu ɗaya cikin riga inda igiya take. Ya bi su da ido yana jiran su nufi dama. Suka wuce dama ko kallo ba su yi ba, suka zagaye na hagu.

Tafinta ya miƙe ya yi bayani. Bature ya ji daɗin wasa. Uban ƙasa ya roƙi arziki an bar masa waɗanda suka yi kaye, za a ba su riga su zama dogaran tsaron iyaka, suna gida gaban iyayensu. Sauran kuma, tunda ɗan kokowa ko an kayar da shi ya fi manomi wuya, Sarkin Ingila na bukatarsu wajen ɗaukar kaya. Mata suka sa kuka. Maccido ya kutsa har gaban rumfa yana cewa a sake wasan, yaron bai faɗi ba, kowa shaida ne. Tafinta bai ma juya maganar ba. Ya ce Bature ya gani da idonsa, gwiwa ta taɓa ƙasa, ko ba haka dokar take ba?

Aka tsare su a bargar dawakin uban ƙasa. Maccido ya je ƙofar da ya yi rabin rayuwarsa yana tsaro, wani yaro mai sabuwar riga ya ce ba a shiga. Hamidu ya fito ya dube shi, idonsa jawur, ya ce ai ya gaya masa.

Kafin gari ya waye sau biyu, magana ta zaga Illela ta dawo da wata fuska. Wai Dogari ya san komai, ina za a ɓoye wa tsohon ɗan fada sirrin fada? Wai Hamidu ya je ya sanar da shi, an gan su a rairayi. Ya sani, amma ya dubi marayan Fulani da uwarsa, ya ba da nasa ɗan. Tsofaffin da suka daina gaishe shi tun da aka tuɓe shi suka dawo suna kama hannunsa da hannu biyu. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Mutumin da ya yi shekara goma ana duban sa a wulakance, wallahi sai da abin ya ɗan yi masa daɗi, wannan ne ma abin takaicin. Tasalla kuwa ta daina girki. Ta ce masa ba ta damu da abin da gari ke faɗi ba, amma maganar ta kai barga, yaron ya ji. In ya bari ya tafi yana zaton ubansa ya san inda yake tura shi, to ita ba ta yafe ba. Ya ce zai gaya masa a hanya.

Da hantsi aka fito da su, igiya ɗaya daga ƙugu zuwa ƙugu, aka nufi hanyar Sakkwato. Iyaye sun yi layi a bakin hanya, dogarai na kora su baya. Maccido ya sami wuri gaba. Ya hango Lawwali a tsakiyar layin, ya fi kowa tsawo, yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya shirya maganarsa tun asuba, gajeriya ce. Idonsu ya haɗu, Lawwali ya rage tafiya har na bayansa ya yi karo da shi.

A daidai nan Kubra ta faɗo gabansa. Ta ajiye ƙwarya cike da man shanu a ƙafafunsa, ta durƙusa ta kama bakin rigarsa tana kuka da ƙarfi, yadda har na ƙarshen layi zai ji.

"Dogari, ka sani, kab bar min nawa kab ba da naka. Mi zan biya ka da shi? Allah shi saka ma, Allah shi sa ka gama lahiya."

Jama'a suka amsa da amin. Maccido ya buɗe baki. Ga matar a ƙafarsa, ga gari duk an zuba masa ido da girmamawa, ga abin da zai faɗa, wanda ba ya faɗuwa sai da rabinsa na biyu. Ya ce a ransa bari ta tashi tukuna. Bari ta ɗan matsa. Lawwali na tsaye yana jira, yana duban uwar Jaɓɓo yana duban ubansa. Da ya ga bakin ya rufe, sai ya gyaɗa kai sau ɗaya, irin gyaɗawar wanda aka ba amsa. Wani dogari ya ja igiya, Lawwali ya juya ya bi layi. Bai sake waigowa ba.

Sai da suka wuce rijiyar bakin gari, har ba a bambance kan wani da na wani, sannan maganar ta ƙwace masa. Ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa, muryar tsoho da ba ta kai ko'ina.

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ɗanta nis so a tahi da shi."

Babu wanda ya juyo a cikin layin, sun yi nisa. Kubra ce ta ji, da waɗanda suka ce amin. Ta saki bakin rigarsa a hankali, ta share fuska da gefen zanenta, ta ɗauki ƙwaryarta ta ɗora a ka. Mutane suka soma watsewa ba mai duban sa. Shi kuma ya tsaya a bakin hanya, don bai san da bakin da zai gaya wa Tasalla cewa ya faɗa ba.